Cinikin Biri a Sama: Darasin Hannun Jari Daga Bata

A makon jiya na tsaya a Bata, wajen wani dattijo mai sayar da takalma da muka daɗe muna hulɗa. Bayan mun gaisa sai ya jawo wata tsohuwar jaka, ya zaro takardun shaidar hannun jarin wani banki da ya saya a 2007. Ya ce mini, “Malam, kuɗin fili ne a nan, yau ko na babur ba su kai ba.” Na yi shiru, domin ni ma ina da irinsu a gida.

Mai karatu zai tuna zamanin. Bayan da Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Charles Soludo ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, suka ragu daga 89 zuwa 25, dillalai suka cika Fagge da Sabon Gari da takardun talla. Ma’aunin kasuwar ya haura 66,000 a Maris na 2008, cikin shekara guda ya rufto zuwa kusan 20,000. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar. Kuskurenmu a lokacin shi ne mun sayi kaya don kawai jiya ya fi shekaranjiya tsada.

Ɗan kasuwar da ba ya karɓar dila sai ya kwance ta, me ya sa ya sayi takarda ido rufe? Akwai ma’auni, wanda masanin Amurka William Sharpe ya bayyana a 1964: gwargwadon kasadar da ka ɗauka, gwargwadon ribar da ya kamata ka nema. Ana farawa da jarin da ya fi kowanne aminci. Sukuk ɗin farko na gwamnatin tarayya, na 2017, ya biya sama da kashi 16 cikin ɗari a shekara. Duk hannun jarin da ba a sa ran zai zarce haka, bai cancanci hawan jininka ba.

Ga misali. A ce jari mai aminci yana ba da kashi 16, kasuwa gaba ɗaya tana ƙara 6 saboda kasada. Idan kamfanin da kake so yana tangal-tangal ninki ɗaya da rabi na kasuwa, ƙarinsa 9 ne, ke nan 25 za ka nema. To an yi maka tayin hannu ɗaya a naira 100, kana sa ran rabon riba na naira 8, kuma farashin ya kai 112 baɗi. Ribarka 20 ce kacal. Farashin adalci shi ne 96, domin shi ne idan ya ƙaru da kashi 25 zai ba da 120. Sama da haka tsada ce, ƙasa da haka araha.

Lissafin ba duba ba ne, hasashen baɗi yana iya kuskurewa. Amma yana tilasta mutum ya tambayi me kamfanin yake samu, kafin ya tambayi wa ya saya.

A Maris na 2024 Babban Bankin ya sake umartar manyan bankuna su kai jarinsu naira biliyan 500, talla kuma ta dawo, wannan karon ta wayar hannu. Ban ce kada a saya ba, kuma tantance halaccin kowane kamfani na malamai ne. Abin da na faɗa wa dattijon shi nake faɗa wa kaina: kafin mu sake miƙa kuɗi, mu ɗauki biro mu yi lissafi.