Ingilishi: ƙananan kalmomin da ke juya ma'anar aikatau

Tun daga watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. A Damargu, buƙatar Ingilishi ta girmi wannan doka. Ɗalibi a Tanut ko Belbeji yana fara shi tun ajin farko na kwaleji, kuma yana jiran sa a jarrabawar BEPC da ta BAC. Falke mai kai dabbobi Kano yana cin karo da shi a takardu da alluna, mai wayar salula kuma kullum yana gaban idonsa.

Inda da yawa ke tuntuɓe shi ne abin da malamai ke kira “phrasal verbs”: aikatau ne da ake liƙa wa ƴar ƙaramar kalma irin su up, off, out ko after, sai ma'anarsa ta sauya gaba ɗaya. Give shi ne bayarwa, amma give up daina abu ne ko haƙura da shi. Look dubawa ne; look for nema, look after kula da wani, look out kuma yin hattara.

Wanda ya bi ta Faransanci yakan rikice, domin can kalma guda ce ke ɗauke da ma'anar: chercher, abandonner, annuler. Mai jin Hausa kuwa ya riga ya san wannan hali a harshensa. Muna cewa ci gaba, ci amana, ci mutunci, ci jarrabawa, ba tare da an kai loma baki ba. Muna shan wahala, muna shan alwashi, babu ƙwarya babu ludayi. Baƙon da ya fassara “ci amana” kalma bayan kalma ya ɓata hanya. Haka Ingilishi yake: give up a dunƙule ake koyon sa, kamar kalma ɗaya.

Kuskure a nan yana da tsada. Idan abokin ciniki ya rubuto cewa an yi put off ɗin haɗuwa, ɗagewa aka yi, wata rana za a zauna. Idan ya ce call off, an soke ke nan. Direban da motarsa ta lalace tsakanin Tanut da Agadas zai ce ta yi break down. In mai ne ya ƙare masa, run out of zai ce. Turn down rage sautin rediyo ne, kuma shi ne ƙin karɓar tayi: zancen da ke kewaye ne ke nuna wanne ake nufi. A waya, sign up buɗe sabon asusu ne, log in shiga wanda kake da shi, top up ƙara kuɗin kira.

Akwai kuma ƙa'idar jeri da ke cinye maki a jarrabawa. Wasu ana raba su: turn off the radio da turn the radio off duka daidai ne, amma da wakilin suna dole ya shiga tsakiya, turn it off. Wasu ba sa rabuwa: look after them kawai ake cewa.

Haddace dogon jeri ba ya zama a kai. Abin da ya fi shi ne a ɗauki biyar a mako, a tara su bisa ga wurin amfani, na kasuwa daban, na tafiya daban, na waya daban. Kowane a rubuta shi cikin cikakkiyar jimla game da gero, awaki ko makaranta, a sa ma'anarsa da Hausa a gefe, sannan a faɗe shi da baki ga aboki kafin mako ya fita.