Tseren Jirage A Tafkin Goronyo: Shawara Ga Malamai Da Ma'aikata

Duk wanda ya san gabashin Sakkwato ya san arzikin Wurno da Rabah da Goronyo a bakin ruwa yake. Gulbin Rima ya biyo ta Sabon Birni, ya ratsa ƙasar Goronyo da ta Wurno, sa'an nan ya gamu da Gulbin Sakkwato, wanda ya wuce ta gefen Rabah, garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. A Wurno ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, can kuma ya rasu cikin 1837, kabarinsa yana nan har yau. Albarkar waɗannan fadamu ce ta sa shinkafa da albasa da tafarnuwar wannan yanki suka yi suna a kasuwanni na nesa.

Cikin 1984 aka gama gina madatsar ruwa ta Goronyo. Tsawonta ya kusa mil 8, an kuwa yi ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Watau ke nan mutanen da kakanninsu suka saba da gulbi mai cika da damina ya janye da rani, sai ga su a bakin wani makeken tafki, mai zurfi, mai igiyar ruwa. Jiragen fito kuwa suna nan irin na dā, ana cika su da mutane da buhuna da dabbobi ran kasuwa. Cikin watan Agusta na 2025 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo, aka yi hasarar rayuka. Allah ya ji ƙansu. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wani wasa, wanda muke zaton zai taimaka.

A ƙasashen Turai da Amurka, mutanen da ke zaune a bakin tafki sukan kafa kulob na tseren ƙananan jirage masu tafiya da iska. A nan ƙasarmu ma akwai irinsa a Ikko tun 1932. Jirgin ba shi da inji, ba a kuma tura shi da gora. Akan kafa dogon sanda a tsakiyarsa, a ɗaura masa ƙyalle mai faɗi, iska ta bugi ƙyallen ta kora jirgin. A ƙarƙashinsa akwai wani allo da ke nutse cikin ruwa, shi ne ke hana iska ta tura jirgin a kaikaice, a baya kuma akwai abin juya shi. Jirgi ba shi iya fuskantar iska kai tsaye, saboda haka matuƙi yakan karkata dama, ya karkata hagu, yana yi yana matsawa gaba, kamar yadda jaki mai kaya ke hawan tudu. Akan jefa alamu masu yawo bisa ruwa, sau da yawa guda 3, jirage su kewaye su, wanda ya riga dawowa shi ya ci. Jiragen da za su yi tsere tare duk iri ɗaya ne, don kada mai kuɗi ya fi talaka da kome sai gwaninta. Akwai wani ƙarami da aka ƙago a Amurka cikin 1947, ana kiransa Optimist, tsawonsa bai kai ƙafa 8 ba, yara ke tuƙa shi har su kai shekara 15.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne zaman jama'ar kulob ɗin. Yaro yakan fara koyon iyo kafin a sake masa jirgi. Kowa yana sa rigar da ke hana nutsewa. Ran tsere akan rubuta sunan duk wanda ya fita, a kuma soke shi in ya dawo, ga jirgin ceto yana biye da su. Farkon doka cikin dokokin tseren nan na duniya ita ce wajibi ne matuƙi ya taimaki wanda ya shiga haɗari, ko da zai rasa tseren. Manya su ne alƙalai, su ke koya wa yara ɗaurin igiya da gyaran jirgi da duban sama. In an tashi kuma a zauna a ci abinci tare, wanda ya ci da wanda aka ci.

Kada wani ya ce wannan baƙon abu ne gare mu. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su don girmamawa, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali, har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Cikin wasannin Kabanci da akan yi a bikin akwai tseren kwale-kwale, da iyo, da nutso, da kamun agwagwar ruwa. Ba a shiga ruwa kuwa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ashe dai gwanintar tana wurin Sarkawanmu da masunta, tsarin shugabanci ma akwai shi. Abin da ya rage shi ne a mai da abin na kullum, a kuma shigar da 'yan makaranta.

Ga shawararmu. Kowace makaranta da ke bakin ruwa, daga Goronyo har Wurno da Rabah, ta kafa ƙungiyar jirgi, babban malami ya nemi yardar hakimi da ta iyaye, a roƙi Sarkin Ruwa ya zama uban ƙungiya. A fara da kwale-kwalen da ke akwai, ana tuƙi da filafili. In yara sun ƙware, kafinta da tela za su iya haɗa jirgi ɗaya mai ƙyalle a gwada a Goronyo, inda ruwa ke da faɗi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa hunturu, sa'ad da tafki ke cike, an kau da amfanin gona, iska kuma tana kaɗowa daga arewa maso gabas ba ta cika sauyawa ba. Da damina kuwa a bar wasa, gama hadarin gabas yakan taso da guguwa farat ɗaya. Malaman lafiya su riƙa duba yara saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwa mai kwanciya, tana kuwa da magani.

Akawunan ƙananan hukumomi su ma ga nasu aiki. Su riƙe littafin jiragen kowace mashigi, da sunan mai jirgi, da yawan mutanen da jirgin zai iya ɗauka, su kuma sa kuɗin rigunan ruwa cikin kimar kuɗin shekara. Riga 20 ba su kai kuɗin da akan kashe a walima ɗaya ba.

Yaron da ya saba ƙidaya abokansa kafin su tashi da bayan sun dawo, shi ne gobe zai zama mai fito, ko ɗan kasuwa mai shiga jirgi, ko akawun da ke karɓar kuɗin mashigi. In ya ga jirgi ya cika zai san ya cika, zai kuma iya buɗe baki ya faɗa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Muna fata malamai za su tattauna wannan magana a taronsu na gaba, wanda ya fara gwadawa kuma ya rubuto wa jarida yadda abin ya kasance, don sauran su ƙaru. Allah ya kiyaye mu, ya sa mu dace, amin.