Hannun Kaka: Girki da Tunawa a Gidan Bahaushe

Idan aka tambayi Bahaushe abin da ya fi tunawa game da kakarsa da ta riga mu gidan gaskiya, da wuya amsarsa ta yi nisa da abinci, kuma tushen haka yana cikin tsarin gidan gargajiya kansa. Alkunya, wato kawaicin da uwa ke yi wa ɗanta na fari har ta ƙi ambaton sunansa, takan tura yaro ɗakin kaka tun yana ƙarami, sannan yaye, wanda akan yi idan yaro ya doshi shekara 2, galibi a wurinta ake yin sa domin a nesanta shi da nono. Ke nan kunun da ya fara maye gurbin nonon uwa daga hannunta yake fitowa. A kan wannan aka ɗora wasan jika da kaka, inda take kiran namiji mijinta, mace kuma kishiyarta, wasan da ya ba yaro damar kushe miyarta a gabanta alhali yana miƙa kwano a ƙara masa. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954 daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya, ya adana bayanin irin wannan zama na riƙon yara da wasan dangi.

Girkin yau da kullum, tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa, yakan koma hannun surukai da zarar mace ta manyanta, amma akwai ayyukan da ba ta saki. Na farkonsu daddawa ce, wadda ake yi da kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa: a dafa su tsawon sa'o'i, a surfe, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe su kwana biyu zuwa uku har su ruɓa yadda ake so, kuma hanci ne kaɗai ke sanar da mai yi cewa lokacin buɗewa ya yi. Dunƙulen Maggi ya rage wa matan yau wannan wahala, sai dai ya sa miyar gidaje da yawa ta zama iri ɗaya.

Inda gwanintar tsohuwa ta fi bayyana shi ne kayan gara, abincin da dangin amarya ke kaiwa gidan ango bayan biki ko bayan haihuwa. Alkaki ana yin sa da ɓarzajjiyar alkama da aka kwaɓa aka bari ta yi tsami, a murza, a naɗe, a soya, a tsoma a zuma ko narkakken sukari. Nakiya kuwa garin shinkafa ce da ake kirɓawa a turmi da man shanu da zuma da kayan ƙamshi irin su citta, kanumfari da kimba, kuma idan ta samu hannu takan yi watanni ba ta lalace ba, abin da ya sa matafiya suke guzuri da ita. Dubulan ya fi su neman haƙuri saboda naɗinsa. Gashi a cikin tanderu, babbar tukunyar ƙasa da ake hura wuta a cikinta a manna ƙullu a bangonta, ya fi zama sana'ar wasu gidaje, kamar masu gurasa na unguwar Jakara a Kano, inda 'ya ke gadon aikin daga uwa da kaka.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta ma'auninsa. Tsohuwa da tafin hannu da ludayi take awo, da ido take gane zafin mai, shi ya sa jikar da ba ta zauna kusa da murhu ba takan tarar, bayan rasuwar kakarta, cewa ta san sunan kowane haɗi amma alkakinta yana wargajewa a cikin kasko. Bidiyon girki da suka cika YouTube da Facebook sun ceto wani ɓangare na wannan ilimi, kodayake ba sa iya gyara wa mai koyo hannu.

Hatta makokin kaka da abinci ake raka shi. A gidaje da yawa akan yi sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, a raba waina ko gumba, wato gero da aka daka da sukari ko zuma, duk da cewa malamai sun saɓa a kan ware waɗannan ranaku, wasu iyalan ma sun taƙaita ga kwana uku na karɓar gaisuwa. Idan kuma aka haifi mace a gidan akan mayar mata da sunan marigayiyar, a riƙa kiranta Ummi ko Mami, tun da 'ya'yan tsohuwar ba za su iya furta sunan mahaifiyarsu gatsau ba.