A San Ƙasa Kafin A Gyara Ta

Ƴan uwa manoma, duk wanda ya zaga ƙasar Adar, daga Keita zuwa Buza har Madawa, ya san ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Akwai tudun duwatsu, akwai gangare, akwai fako da jigawa, sannan akwai fadama. Tun kaka da kakanni muna da waɗannan sunaye, kuma mun san abin da kowane wuri yake bayarwa.

Masana tsarin ƙasa sun ɗora a kan wannan sani. Suna zana taswira, wato hoton ƙasa a takarda. Sukan nuna inda ruwa yake bi, da irin ƙasar kowane wuri, da gonaki, da burtalin dabbobi. In an haɗa waɗannan duka, sai a ga inda ɓarna take farawa. Da, da hoton jirgin sama ake wannan aiki. Yanzu tauraron ɗan Adam da kwamfuta suna taimakawa.

A shekarar 1984, shekarar babban fari, aka fara aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. An lura cewa ruwan da yake cinye gonakin kwari daga kan tudu yake gangarowa da ƙarfi. Saboda haka aka ba kowane wuri maganinsa. A kan tudu aka ja kunyoyi, aka jera duwatsu. A gangare aka haƙa ramuka, aka dasa itatuwa. A ƙoramu aka gina madatsai don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Mata ne suka yi yawancin wannan aiki, ana biyan su da abinci.

A kwarin Majiya kuwa, wajen Buza, iska ce take kwashe ƙasa. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro, da taimakon ƙungiyar CARE, don su tare ta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin mu toshe kwazazzabo a gona, mu bi sawun ruwan har inda ya taso. Mu zauna da maƙwabtanmu na sama da makiyaya, mu zana ƙasar garinmu ko da a kan rairayi ne, mu fara gyara daga sama. In ba haka ba, ruwan sama ɗaya ya isa ya rushe aikin rani guda.