Malamin Asibiti Shi Ne Na Ƙarshen Jin Labari

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka in yi magana bisa wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda labarin aiki ba ya isa kunnen ƙananan ma'aikatan lafiya. Ni tsohon malamin asibiti ne, aikin ƙauye na fi yi.

Jama'a suna tsammani duk abin da gwamnati ta shirya game da lafiya, malamin asibiti ya riga kowa ji. Ina! Sau da yawa shi ne na ƙarshe. Ku dubi tafiyar takarda guda. Za ta fito daga Abuja ta sauka a ma'aikatar lafiya ta jiha, daga nan ta nufi ƙaramar hukuma, ga su kuwa har 774 a ƙasar nan. Kowane ofis sai ta kwana. In ta yi sa'a ta kai hannun shugaban asibiti, sai ya karanta ya jefa a aljihun tebur. Ungozoma ba ta gani ba, mai ba da magani bai ji ba, balle mai shara da maigadi, alhali kuwa su ne kan fara tallabo majiyyaci daga bakin ƙofa.

Ga misali wanda kowane tsohon ma'aikaci zai shaida. Shekaru da yawa kulorokwin shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, har ƙwayar cutar ta saba da shi, ya daina kashe ta sosai. A 2005 gwamnatin Nijeriya ta sake shiri, ta ce a koma ga haɗin magani da ake kira ACT. Wanda aka fi bayarwa sau shida ake shansa cikin kwana uku, babban mutum ƙwaya huɗu kowane sha, kuma ya fi aiki in an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo. To, wane ne ya zaunar da malamin ƙauye ya bayyana masa haka? An yi shekaru bayan wannan ana ba da kulorokwin a wurare da dama. Masu bayarwa ba mugunta suka yi ba, abin da aka koya musu a makaranta suka riƙe. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini tukuna kafin a ba da magani, gama ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Wannan ma tafiyar hawainiya ya yi.

Akan ce ai an yi kwas. Gaskiya ne, ana yi. Amma wa ke zuwa? Mutum ɗaya ne kullum, babba. Ya tafi birni ya kwana uku, ya karɓi kuɗin guzuri, ya komo da jaka da littafi cikin Turanci mai tsauri, bai tara kowa ba. Ranar da aka sauya masa wurin aiki, ilmin ya bi shi a mota.

Abin mamaki, ƙarya ba ta wannan jinkiri. A 2014, da cutar Ebola ta shigo Legas cikin watan Yuli, mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka rasu, kuma da yawa daga cikinsu ma'aikatan lafiya ne. Cikin Agusta, a dare ɗaya, labari ya game ƙasa ta wayar hannu, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Har an sami waɗanda gishirin ya kwantar, wasu suka rasa rai. Da safe mutane suka nufi asibiti suna tambaya. Me malamin zai ce, shi da ba a gaya masa kome ba? In ya yi shiru ko ya yi in-ina, gobe ba mai yarda da maganarsa a kan rigakafi ko awon ciki.

Kada kuwa a ɗauka daga sama kaɗai magana ke maƙalewa. Malami zai rubuta cewa magani ya ƙare, ko ya ga yara biyar da amai da gudawa daga unguwa guda. Kowane wata yana aika lissafi, amma ko "mun gani" ba ya samu. Wanda ya yi sallama sau uku ba a amsa ba, lalle zai daina, nan kuwa annoba take samun ƙofa.

Roƙona ga shugabanni bai taka kara ya karya ba. Kowane asibiti, kome ƙanƙantarsa, a tara ma'aikata duka sau ɗaya a wata, har da masu shara, a karanta musu abin da ya zo, cikin Hausa ko harshen da suka fi ji, a bar su su yi tambaya. Wanda aka aika kwas kada a biya shi sauran kuɗinsa sai ya koya wa 'yan'uwansa. Rahoton da ya hau sama kuma a amsa shi, ko da layi biyu ne ta waya. Ina so malaman asibiti da ke karanta jaridar nan su rubuto su faɗi yadda abin yake a wurarensu.

Haza wasalam.

Naka,
Tsohon Malamin Asibiti