Tallafin Gidauniya ga Ayyukan Al'umma a Tamale

Tamale ita ce babban birnin Jihar Arewa a ƙasar Ghana. Yawancin mutanenta Dagombawa ne, amma ana jin Hausa sosai a zango da kasuwanni, musamman a kasuwar Aboabo inda ake cinikin hatsi da doya da gyaɗa. Wani abin da baƙo zai lura da shi a garin shi ne yawan allunan ƙungiyoyi masu zaman kansu. Wasu suna aikin ilimi, wasu lafiya, wasu kuma noma. A wannan darasi za mu duba inda kuɗin waɗannan ayyuka yake fitowa, da abin da yake faruwa idan ya ƙare.

Mece ce gidauniya?

Gidauniya dukiya ce da wani mutum ko kamfani ya ware domin taimakon jama'a. Sau da yawa ana juya dukiyar, sannan a riƙa ba da tallafi daga ribarta. Tallafi ba rance ba ne, domin ba a biyan sa. Amma kuma ba sadaka ba ce da mutum zai kashe yadda ya ga dama. Ana ba da shi ne don wani aiki takamaimai, kuma yana da wa'adi. Misali, Gidauniyar Mastercard da ke Kanada ta haɗa hannu da ƙungiyar CAMFED don ɗaukar nauyin karatun 'yan mata. CAMFED ta fara aiki a arewacin Ghana a shekarar 1998. Ban da gidauniyoyi, akwai hukumomin agaji na gwamnatocin waje, kamar Danida ta ƙasar Denmark.

Yadda ake neman tallafi

A ce wata ƙungiyar mata a Aboabo tana son buɗe ajin yaƙi da jahilci. Da farko sai ta yi rajista da hukuma, ta buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya. Sannan ta rubuta takardar neman tallafi, ta bayyana matsalar da take son magancewa, da mutanen da za su amfana, da kasafin kuɗi. Idan an amince, akan ba da kuɗin kashi-kashi. Kafin a saki kashi na gaba, dole ƙungiya ta kawo rahoto da rasit na duk abin da ta kashe.

A nan ne ƙananan ƙungiyoyin unguwa sukan sha wahala. Takardun da Turanci ake rubuta su, kuma suna bukatar akanta. Saboda haka ƙungiyar da ta fi sanin mutane ba lallai ne ita za ta sami kuɗin ba. Akwai cibiyoyin da suke tsayawa tsakanin masu bayarwa da masu nema. Ɗaya daga cikinsu ita ce STAR-Ghana, wadda ta fara a 2010 da kuɗin ƙasashen waje, ta kuma zama gidauniya mai zaman kanta ta 'yan Ghana a 2018.

Misali daga Tamale

A shekarar 1995 aka kafa shirin School for Life, mai hedkwata a Tamale, da taimakon mutanen Denmark. Shirin yana tara yaran da ba sa zuwa makaranta, masu shekara 8 zuwa 14. Ana koya musu karatu da rubutu da lissafi da harshen uwa har tsawon wata tara. Malamin ɗan garin ne, kuma da rana ake karatun, bayan yara sun taya iyayensu aiki. Wanda ya gama sai ya shiga makarantar gwamnati.

Da aka ga amfanin wannan hanya, gwamnatin Ghana ta karɓe ta, aka faɗaɗa ta zuwa wasu gundumomi tsakanin 2013 da 2018 da tallafin Birtaniya da Amurka. Ke nan aikin da ya fara da kuɗin baƙi ya shiga tsarin ilimin ƙasa.

Idan tallafi ya tsaya

Ba kowane aiki ne yake samun irin wannan sa'a ba. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin agajin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumar USAID. Arewacin Ghana yana cikin wuraren da hukumar ta fi mayar da hankali a kai ta fuskar lafiya da noma, don haka abin ya taɓa yankin ƙwarai.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Shi ya sa ƙungiya mai hangen nesa ba ta dogara ga mai bayarwa guda ɗaya. Takan nemi gudummawar 'yan kasuwa da masallatai da coci-coci, ta yi amfani da hanyoyin da jama'a suka saba da su, kamar adashi, wanda a Ghana ake kira susu. Tambayar da ya kamata ta yi wa kanta tun ranar da ta karɓi kuɗi ita ce: wa zai riƙe aikin nan idan wa'adi ya cika?

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin tallafi da rance?
2. Me ya sa ƙananan ƙungiyoyi sukan kasa samun tallafi?
3. Bayyana yadda shirin School for Life yake koyar da yara.
4. Yi amfani da waɗannan kalmomi cikin jimla: gidauniya, wa'adi, kasafin kuɗi, gudummawa.