Kwana Biyu a Jos Ba Tare da Aljihu Ya Huje Ba

Mai son shan iska da kuɗi kaɗan, Jos ta ishe shi. Garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka ɗakin fanka ya wadatar. Kuɗin ɗaki mai AC asara ce kawai. Amma a Disamba da Janairu, kar ka manta rigar sanyi, har da safa.

Fara da gidan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda kawunan yumɓun Nok suke zuba maka ido daga bayan gilashi. Washegari a hau duwatsun Shere da sassafe. Zirga-zirga kuwa a Keke Napep, a daidaita kuɗi kafin a shiga. Tsaraba? Kasuwar Farin Gada: dankalin Turawa, kabeji da karas, ƙasa na manne jikinsu.